Rakiyar Tasalla zuwa Ruwan Shuni

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya ɗaga sama ya rataya mata rana, ya ba kowane matafiyi ƙafa, ya kuma ajiye masa wurin da ƙafar za ta tsaya. Ku gyara zama, ku da kuka tambaye ni inda na fi yin nisa a yawon duniya. Ni ne Korau ɗan Nomau, baduku, mutumin Kwarin Tsamiya. Na kwana a garin da ake shuka gishiri ya tsiro, na sha ruwan kogin da ke gudu yana hawa tudu, amma tafiyar da ta fi kowace tsawo a rayuwata ba ta fatauci ba ce, ba ta neman ilmi ba. Rakiya ce na yi wa kakata.

Sunanta Tasalla. Ita ta goya ni bayan rasuwar uwata, ta yaye ni da kunun tsamiya da faɗa, kuma har furfura ta fito mini a gemu ba ta daina kirana Maigida ba, irin wasan nan na kaka da jika. Ni kuma in ce mata Amarya, in ce an cuce ni da aka haɗa ni da amarya babu haƙori ko ɗaya. Ba a garinmu aka haife ta ba. 'Yar Farin Yashi ce, wani tsibiri da ke bayan Ruwan Shuni, kuma al'adar mutanen tsibirin ita ce, duk inda ɗayansu ya tsufa, in ya ji ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, sai ya koma gida. Jirgin fito ɗaya ne ke zuwa ɗaukarsu, da faɗuwar rana. Ba ya ɗaukar kowa sai wanda aka yanke wa cibiya a can, kuma wanda ya shige shi bai taɓa dawowa ba. Ran da ta ƙulle 'yan tsummokaranta ta ce in tashi in taka mata, na san abin da take nufi. Na ce mata ai rakiya iyakarta bakin gari. Ta ce tata sai bakin ruwa, in kuma ƙafata ta yi nauyi za ta nemi wani mijin.

Tsakaninmu da Ruwan Shuni akwai ƙasar da ake kira Rana-Jira. Gwadabe ɗaya ne ya ratsa ta, fari tas, miƙaƙƙe kamar zaren masaƙi, ƙananan hanyoyi kuma suna ɓallewa daga jikinsa hagu da dama suna shiga ciyawa. Da hantsi muka shige ta, iska na kaɗawa a hankali da ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi.

Ba mu yi nisa ba muka hangi wata mata tsaye a bakin tafki, ta tallabe haɓa. A bisa ɗankwalinta akwai wani ɗan tsuntsu ruwan ɗorawa, bai fi babban yatsa ba, ya yi zamansa kamar a gidan ubansa. Muka ratse muka gaishe ta. Ta ce sunanta Kuluwa, damuwarta kuma ita ce wani gajimare ya sauko shan ruwa a tafkin, awakinta suka ɗauka tudu ne suka haye, shi kuwa da ya ƙoshi sai ya tashi da su. Na ɗaga kai, ga shi can ya maƙale a kan wani rimi, kukan awaki na zubowa daga cikinsa.

Na shimfiɗa wa tsohuwa tabarma, Kuluwa ta miƙa mata ƙwaryar nono, ni kuma na ƙulla dusa a gefen riga na hau rimin. Taka gajimare kamar taka jiƙaƙƙiyar auduga ne, ƙafa na nutsewa har gwiwa, sanyi na shiga ƙashi. Awakin suna can suna kiwon wani farin abu da ban san sunansa ba, ko kallo ban ishe su ba. Sai da na lallashi uwar garken da dusa, na saɓo ta a kafaɗa na sauko da ita reshe bayan reshe, sannan sauran suka biyo baya. Aikin ya ci ni ƙwarai, na yi gumi na bushe na sake yin wani. Amma da na dubi inuwata a ƙasa, tana nan daidai yadda na bar ta.

Kuluwa ce ta warware mini. Ta ce a ƙasar nan duk wanda wata bukata ta tsare a gefen hanya, tsuntsun nan zai sauka a kansa, ranarsa kuma ta tsaya cak. Ba ya tsufa, ba ya jin yunwa ta ƙaru, ba ya kuma iya komawa gida, sai wani mai wucewa ya biya masa bukatar tsuntsun ya tashi. Matafiyi ma haka ne, ranarsa ba ta tafiya sai ƙafarsa na bisa gwadabe, da ya ratse sai ta tsaya ta jira shi.

Na ji wani farin ciki ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Muddin muna gefen hanya rana ba za ta faɗi ba, muddin ba ta faɗi ba kuwa jirgi ba zai zo ba. Na dubi tsohuwa tana kurɓar nono, na ce a raina, Amarya, kin shigo hannu.

Sai dai tsuntsun Kuluwa bai tashi ba. Awaki sun cika, amma 'yar ƙararrawar tagulla da ke wuyan uwar garke ta ɓace. Na koma bisa rimi na lalube gajimaren nan kaf, na sauko na bi ciyawa da rarrafe, kuma Allah ya sani ban ƙi a ce neman ya ɗore har abada ba. Ina ta nema, su biyu suna can bisa tabarma sun haɗa kai suna ƙus-ƙus kamar tsofaffin ƙawaye. Can sai tsohuwa ta ajiye ƙwaryar da sauran nono a ciki, ta dafa sandarta ta miƙe ta nufi gwadabe ita kaɗai. Kuluwa ma ta ce in je, ƙararrawa in da rabo za a gan ta. Dole na bar tabarmar nan a shimfiɗe na bi bayan kakata ina gunaguni.

Daga nan ban bar wata ƙaramar hanya ta wuce ni ba. In na hangi ɗigon ruwan ɗorawa ko daga nesa ne, sai in ce tausayi ya kama ni, in ja hannun tsohuwa mu ratse. Mun tarar da wani dattijo, Malam Jatau, tsaye a ƙofar wani gida mai doguwar katanga. Ya yi sallama ba a amsa ba, kuma shi mutum ne mai ladabi, ba ya shiga gidan da ba a amsa masa ba, ba ya kuma juyawa ya bar sallamarsa a ƙofar mutane. Ciyawa ta tsiro ta kewaye takalmansa. Na zagaya baya na haura katanga, na tarar gidan babu kowa sai kurciyoyi, na zo na tsaya a zaure daga ciki na amsa masa da babbar murya, na ƙara da maraba. Ya shigo ya zauna, muka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya, ya ce dama wucewa yake ya ce bari ya leƙo. Tsuntsun ya tashi fir, dattijo ya yi sallama ya kama hanyarsa yana murmushi. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ta ce yau ta ga ɓarawon da ya haura gida don ya yi wa baƙo maraba.

Na tsinto wa wata zabuwa ɗige-ɗigen jikinta da guguwa ta kakkaɓe a cikin ciyawa. Na shiga rijiya na ɗauko wa wani makaɗi muryar gangarsa da ta faɗa ciki lokacin da ya sunkuya shan ruwa, na kawo ta a tulu na toshe bakinsa da ganye tana ta gurnani. Wasu ayyukan na manta su, wasu kuma ko a lokacin ban ga amfaninsu ba. Duk tsawon wannan abu rana ba ta wuce tsakanin hantsi da tsaka ba, haske mai laushi, inuwa mai sanyi, kamar duniya ta yi gyangyaɗi.

Tsohuwa ta daina dariya a hankali. Ciwon gwiwar da ta shigo da shi bai ƙaru ba, amma bai kuma lafa ba, yana nan yadda yake. Barci ba ya ɗaukarta, don dare ba ya zuwa. Takan ɗaga kai ta dubi sama ta tambaye ni ko azahar ta yi, in ce da saura, ta ce ita dai tunda ta yi wayo ba ta taɓa daɗewa haka goshinta bai taɓa ƙasa ba. Ni kuwa sai in kawo wani zance, in nuna mata wata hanyar da ta ɓalle.

Haka muka isa Birnin Aike. Yana gefen gwadabe, ganuwarsa ja, ƙofarsa a buɗe ga mai shiga, kuma tun daga waje na ga samansa ya yi ruwan ɗorawa saboda yawan tsuntsaye. Zuciyata ta ce ga gida. Na zaunar da tsohuwa a inuwar ganuwa daga ciki, inda wasu tsofaffi ke zazzaune a jere, na faɗa kasuwa. Maɗinki yana son allura, maƙeri ba zai ƙera ba sai an kawo gawayi, mai gawayi gatarinsa babu ƙota, masassaƙi ba zai sassaƙa ba sai ya sha fura, mai fura ludayinta ya fashe, mai gyaran ludayi kuma rigarsa ce ta yage yana jiran maɗinki. Kowane aike in ka isar da shi sai ya haifi wani, kuma tsuntsun da ya tashi daga kan wannan sai ya sauka a kan wancan. Ba ni kaɗai ke gudun ba. Akwai mutane da yawa irina, riguna sun koɗe, dugadugai sun tsage, kowa da ɗan abu a hannu yana sauri, fuskarsa cike da jin daɗi. Na tambayi ɗaya daga ina ya fito, ya yi ƙoƙarin tunawa ya kasa, sannan ya ce in yi haƙuri ana jiran muciyar nan.

Ban san iyakar daɗewar da na yi ina wannan zagaye ba, tunda babu abin aunawa. Wata rana, in ana iya kiranta wata rana, aike ya biyo da ni ta gindin ganuwa da ludayi a hannu. Sai a lokacin na dubi tsofaffin nan da kyau. Kowannensu da ƙunshinsa a cinya, kowannensu ya zuba wa kasuwa ido yana neman wanda ya rako shi. A ƙarshen layi ga Tasalla, ta jingina kai da bango, ga kuma ɗan tsuntsu ruwan ɗorawa a bisa kanta.

Na ƙarasa wurinta. Na durƙusa a gabanta, bakina ya yi tambayar da ya saba yi wa kowa a ƙasar nan, na ce, "Baiwar Allah, mece ce bukatarki?"

Ta ɗago kai ta dube ni. Ta ce, "Korau, na gaji. Ina so in ga rana ta faɗi."

Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunana tsirara haka ba. Na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa, kuka irin na yaron da aka ƙwace wa abu, ita kuma ta bar ni na yi har na ƙoshi. Da na share fuska na miƙa wa wani mai gudu ludayin, ya karɓa da godiya kamar na ba shi doki, na ɗauki ƙunshinta muka nufi ƙofa.

Sarkin Ƙofa wani ƙato ne mai murya a hankali. Ya gitta sandarsa ya ce dokar birni ita ce ba a buɗe wa kowa sai wanda aike ya fitar, kuma tun da aka kafa garin duk aiken cikinsa a ciki yake farawa a ciki yake ƙarewa. Ya ce in koma, mai fura na jira. Na ce masa ni ma ɗan aike ne, ya dubi kan tsohuwar nan. Ya duba ya ga tsuntsu. Na ce ya tambaye ta bukatarta, ya tambaya ta faɗa. Na ce to, a wace rumfa ta kasuwarku ake sayar da faɗuwar rana in je in karɓo? Ya sosa ƙeya, ya dubi sama, ya dubi sandarsa. Dokar da ta hana fita ita ce kuma ta hana a tare ɗan aike, don haka ya janye sandar yana ƙunƙuni. Muna fita na ji tsofaffin gindin ganuwa sun fara kiran sunayen jikokinsu.

Da ƙafarmu ta taka gwadabe sai rana ta motsa, na ji motsinta a ƙeyata. Ba mu jima ba inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, ta fara zamewa gabas. Tsohuwa ta ce in tsaya, ta yi alwala da ruwan gora a tsakiyar hanya, ta yi azahar a zaune, ta daɗe goshinta na ƙasa. Da ta ɗago fuskarta ta yi fes kamar ta yarinya. Ƙananan hanyoyi suna ta ɓallewa, ina ganin ɗige-ɗigen ruwan ɗorawa ta gefen ido, wuyana har ciwo yake don ƙin waiwaya. Bayan la'asar gwiwarta ta ƙi, na durƙusa na goya ta. Ba ta fi ƙunshin auduga nauyi ba. Ta ce ashe dai za ta ci moriyar auren nan kafin ta tafi, na ce ta riƙe da kyau, in ta faɗi ba mai tsintar amarya babu haƙori. Daga nan ta yi barci a bayana, numfashinta na taɓa wuyana, ni kuma ina tafiya ina kallon rana tana sauka da kowane taki nawa.

Ruwan Shuni ya bayyana da yamma lis, shuɗi mai duhu kamar rigar da ta sha bugu, babu igiya babu ƙara. Abin da na tarar a bakinsa shi ya fi komai tsorata ni a duk tafiyar. Mutane ne tsaitsaye a bisa yashi, maza da mata, sun fuskanci ruwa, kowa da tsuntsu a ka. 'Yan rakiya ne da suka kawo nasu suka ce bari su tsaya har jirgi ya ɓace. Bukatarsu ita ce a dawo musu da wanda ya tafi, kuma babu mai wucewar da zai iya biyan wannan.

Jirgin ya iso ba tare da na ga tahowarsa ba. Mai fiton ya miƙo hannu. Na sauke tsohuwa, ta gyara ɗaurin zane, ta karɓi ƙunshinta.

Ta ce, "To, Maigida, rakiya ta isa haka. Koma."

Na ce zan koma, bari dai in ga tashinku. Ina faɗa ina jin fiffiken wani abu yana kewaya kaina. Ta dube shi, ta dube ni, sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro wani abu ta danƙa mini a tafin hannu. Ƙararrawar tagulla ce, an cusa mata tsumma don kada ta yi ƙara.

Ta ce, "Kana bisa rimi ta faɗo a gabana. Na roƙi Kuluwa ta ara mini jiranta, ta yarda. Baiwar Allah tana can tsaye, kuma ba mai kai mata sai kai. Juya ina gani."

Na tsaya da ƙararrawa a hannu, ina jin haushinta ina jin sonta, har ban san wanda ya fi yawa ba. Ashe tun daga tafkin farko ta san irin jikan da ta goya.

Ta ce, "Ka gaida gida."

Na ce, "Gida zai ji. Allah ya kai ki lafiya, Amarya."

Na juya. Ban ga shigarta jirgi ba, ban ga tashinsa ba, na dai ji ruwa ya motsa sau ɗaya. Ina cikin hawa gangaren yashi sai ɗan tsuntsun da ke kanta ya wuce ta saman kafaɗata ya yi gaba, wanda ke kewaya ni kuma ya bi shi.

Inda na kwana a komowa da yadda na wuce Birnin Aike na kau da kai, ba su da daɗin ji. Amma da na ratse wajen tafkin Kuluwa sai na shiga cikin hantsin nan na farko, yana nan yadda muka bar shi, da iskarsa da ƙamshin yayyafinsa. Ga tabarmata a shimfiɗe da lotsawar zaman tsohuwa. Ga sawun ƙafarta da na sandarta a bisa ƙasa mai laushi, sun nufi gwadabe. Ga ƙwaryar da ta ajiye, nonon ko tsami bai yi ba, har da alamar leɓenta a baki. Na gane cewa muddin ƙararrawar nan tana aljihuna safiyar nan ba za ta wuce ba, zan iya zama a gefen tabarmar nan har abada, kamar yanzu ta tashi.

Na dubi Kuluwa. Tana tsaye inda take, ta tallabe haɓa, tsuntsu a ka, awakinta na kewaye da ita suna jiran a kai su gida. Na zauna na shanye sauran nonon a hankali. Sannan na zare tsumman, na kira uwar garke na ɗaura mata ƙararrawarta, ta girgiza wuya ta yi ƙara. Tsuntsun ya tashi. Inuwar rimi ta fara matsawa, iska ta taso ta bi ta kan sawun nan, ina kallo har ƙasa ta koma sumul.

Kuluwa ta naɗe mini tabarmata, ta kora awakinta, ta taka mini har bakin gwadabe ta koma.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, sauran kuma Allah ne masani. Ga rana ta yi sanyi, wanda zai tafi gida a cikinku ya tashi in taka masa zuwa bakin zaure. Yanzu ba na wuce nan.